Zauren Iyali: Wace Jarrabawa Ɗana Zai Rubuta, GMAT ko GRE?



Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta yi sallama a zauren mahaifinmu tare da ɗanta. Yaron ya kammala digirinsa, ya gama hidimar ƙasa, yana burin tafiya ƙasar waje neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, wanda ake kira MBA. Ta ce, “Malam, an ce sai ya rubuta jarrabawa, kuma da dala ake biya. Shi ya ce iri biyu ce. Wacce zan biya?” Mahaifinmu ya yi murmushi, ya ce wannan fatawa ba ta cikin littattafansa, ya turo su gare mu. Mun ga dacewar mu kawo amsar a wannan fili, domin gidaje da yawa daga Aboabo zuwa Asawase suna da irin wannan tambaya.

Abin da muka fara tambayar yaron shi ne: wace makaranta kake nema? Sai ya yi shiru. To, a nan gizo ke saƙar. Jarrabawa mabuɗi ce, kuma mai hankali yakan san ƙofar da zai shiga kafin ya je wurin maƙeri. Wanda zai yi karatunsa nan gida, a makarantar kasuwanci ta KNUST da ke Kumasi, ko ta Legon, ko GIMPA a Ankara, abin da aka fi dubawa shi ne digirinsa na farko da shekarun da ya yi yana aiki. Ya karanta sharuɗɗan shiga na shekarar kafin ya fitar da ko sidi ɗaya. Manyan makarantun Amurka da Turai kuwa, irin su Harvard da Wharton da INSEAD, suna karɓar GMAT, suna kuma karɓar GRE.

Ita GMAT, tun 1954 aka kafa ta musamman domin makarantun kasuwanci. A ƙarshen 2023 aka yi mata sabon tsari: awa biyu da minti 15, kashi uku, kowanne minti 45. Akwai lissafi, tambaya 21. Akwai fahimtar rubutu da auna hujja, tambaya 23. Sai nazarin jadawali da alƙaluma, tambaya 20. Maki yana kamawa daga 205 zuwa 805. Babu insha’i a cikinta, kuma ba a yarda da na’urar lissafi a kashin lissafi ba. Wanda ya tashi a rumfar mahaifiyarsa yana ƙirga riba da ka, yana gane inda magana ta karkace a wajen ciniki, zai iya samun kansa a nan.

GRE kuwa ta fi faɗi, domin ana neman digiri na biyu da ita a fannoni da dama: tattalin arziki, aikin gwamnati, injiniyanci da sauransu. Tun watan Satumba na 2023 aka rage ta zuwa ƙasa da awa biyu. Tana da insha’i guda na minti 30, da tambayoyin Turanci 27, da na lissafi 27, ana ba ɓangaren Turanci da na lissafi kowanne maki daga 130 zuwa 170. An yarda da na’urar lissafi a jikin kwamfuta, kuma ɗalibi yana iya tsallake tambaya ya dawo mata. Wahalarta tana wajen kalmomin Turanci masu zurfi, waɗanda ba a jin su a hira ta yau da kullum. A nan ’ya’yanmu da suka yi makarantar allo suke da wata baiwa da sukan raina: wanda ya saba da hadda da tilawar asuba ba zai ji tsoron riƙe kalma ashirin a rana ba.

Ga ’yan’uwanmu masu karanta shafukan Faransanci na wannan mujalla, daga Yamai ko Lome ko Abidjan, akwai ta uku, wato TAGE MAGE. Da Faransanci ake rubuta ta, kuma makarantun kasuwanci da yawa na Faransa suna karɓarta a wasu darussansu. Wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci ya bincika wannan kafin ya ɗora wa kansa kayan Turanci.

To, yaya za a raba gardama? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Hukumomin da ke shirya GMAT da GRE duk sun ajiye jarrabawar gwaji kyauta a shafukansu na intanet. Ɗalibi ya keɓe safiya biyu, ya rufe ƙofa, ya ajiye waya, ya rubuta kowacce da agogo a gabansa. Inda makinsa ya fi kusa da abin da makarantar ke nema, can zai zuba ƙarfinsa. Idan kuma zuciyarsa tana rawa tsakanin kasuwanci da wani fanni, GRE ta fi bar masa hanya a buɗe.

Ya ku iyaye, kuɗin rajista kaɗai ya haura dala 200, kuma duk wanda ya sake rubutawa sai ya sake biya. Wannan ribar makonni ce ga mai rumfa. Kada ku miƙa kuɗin sai ɗanku ko ’yarku ta nuna muku abu uku a takarda: sunayen makarantun, jarrabawar da kowace ke karɓa, da makin gwajin da aka yi a gida. Babu dalilin gaggawa, tunda sakamakon GMAT da na GRE yana aiki har shekara biyar. Babu kuma dalilin jinkiri har wa’adin neman shiga ya ƙarato, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mu shawararmu, a ba shirin kamar wata uku.

Yaron nan ya dawo mana bayan mako biyu da takardarsa. Makarantu uku ya rubuta, biyu a waje, ɗaya a gida, kuma gwaji ya nuna masa GRE. Mahaifiyarsa ta ce yanzu ta san abin da take biya. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano ba sa ɗaure kaya sai sun tambayi madugu labarin hanya. Kada jikokinsu su gaza su.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.