Ba a Haihuwar Ɗan Daba da Wuƙa

Duk lokacin da aka yi ƙwacen waya a Gyadi-Gyadi, ko faɗan daba ya tashi a lungunan Tarauni a birnin Kano, bayanin da ake yi ɗaya ne: yaran zamani sun lalace, ƙwaya ce, abokan banza ne. Maganin da ake kawowa ma ɗaya ne: a kama, a ɗaure, a ƙara bulala. Wannan ra'ayi ya samu karɓuwa ne domin yana wanke manya. Yana fara ba da labarin yaro daga ranar da ya ɗauki wuƙa, ya tsallake shekara goma sha biyar da suka gabace ta, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Tarihin mafi yawan kangararrun yara yana da kama da juna. Aure ya mutu, uwa ta tafi, an bar yaro a hannun kishiyarta ko wajen kaka da ƙarfinta ya ƙare. Uba ya fita da asuba, ba ya dawowa sai yara sun yi barci. Ɗakin kwana ya yi kaɗan, sai a ce ɗan shekara goma ya koma zaure ko shagon samari. A can ne zai ga yadda ake shaƙar sholisho, a can ne wani babba zai saya masa shayi da burodi, ya kira shi "yarona". Ran da aka kore shi daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa, ba wanda ya bi sawu. Ran da ya ɓatar da cinikin talla kuwa, an ɗaure shi an zane shi da wayar wuta. Darasin da ya ɗauka a fili yake: mai ƙarfi shi ke da gaskiya, kuma daba ce kaɗai gidan da ake tambayar ko ya ci abinci.

Binciken masana ya goyi bayan wannan. A Amurka, Cathy Widom ta bi rayuwar yara 908 da kotu ta tabbatar an ci zarafinsu ko an yi watsi da su, ta fara fitar da sakamako a 1989. Daga baya an gano cewa kashi 27 cikin ɗari nasu an kama su da laifi tun kafin su girma, a kan kashi 17 na takwarorinsu. Binciken ya kuma nuna cewa sakaci kaɗai, ko ba duka, yana kai yaro ga laifin zubar da jini kusan kamar yadda azabtarwa ke yi. Ba kowane wanda aka zalunta ne ke zama mai laifi ba, amma hanyar ta fi buɗe masa.

Masu kare tsohon ra'ayi sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai tanƙwarawa daban, karyawa daban. An gwada tsanani har ƙarshensa a gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Haka batun ƙwaya: gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018, amma daba ba ta mutu ba, domin an rufe kwalba ne, ba a cike ramin da ke kai yaro gare ta ba.

Doka ma ba ita aka rasa ba. Nijeriya na da dokar 'yancin yara tun 2003, Kano kuma ta samu tata dokar kare yara a 2023. Abin da aka rasa shi ne mai kai ƙara kafin ɓarna. A titin Court Road na Gyadi-Gyadi ana gurfanar da samari, ana tura masu ƙarancin shekaru gidan gyaran hali na Goron Dutse, amma da wuya a ga uban da aka tuhuma don ya bar ɗansa da yunwa. Ɗan siyasar da ke raba wa 'yan jagaliya kuɗi lokacin zaɓe shi ma ba ya zuwa gaban alƙali.

Wanda ya kashe ko ya sari mutum dole ya fuskanci hukunci, wannan ba abin musu ba ne. Amma unguwar da ke son zaman lafiya sai mai unguwa ya san yaran da ke kwana a waje, liman ya yi huɗuba kan haƙƙin ciyarwa bayan saki, kotu ta tilasta wa uba sauke wannan haƙƙi, malamin makaranta ya nemi ɗalibin da ya daina zuwa. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Al'ummar da ta ƙi ɗaukar nauyinsa yana ɗan shekara bakwai ba ta da bakin tsine masa yana ɗan sha bakwai.