Wa Ya Ce Lissafi Na Maza Ne?

'Yan uwana mata, wallahi maganar nan ta ishe ni, wai ƙwaƙwalwar mace ba ta ɗaukar lissafi mai zurfi, iyakarta kuɗin cefane da adashe. Haba jama'a!

To, su nemi labarin Emmy Noether, Bajamushiya. A 1915 aka gayyato ta jami'ar Gottingen, wasu malaman suka ce atafau mace ba za ta koyar ba. Shekaru tana karantarwa da sunan wani namiji, Hilbert, ko sisi ba a biyanta. A 1918 ta fitar da hujjar da masana kimiyyar fizik ke dogaro da ita har yau: muddin dokokin halitta ba sa canzawa daga jiya zuwa gobe, ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama, kamar na itace da ke komawa zafi a murhu. Da alƙalami kawai ta tabbatar.

Amma mu, yarinya ta ci lissafi, sai mu ce ta rage, kada maza su guje ta. Wane mijin? Don Allah ki bar mata littafinta, wanke-wanken ya jira.