Tsoron Sanyi, Wankan Jego da Maganin Indiya

Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, da kai maigida, da ke Inna da za a kawo wa jego gida, barkanku da zuwa awo. Yayin da kuke jiran a kira lambarku, ina so mu tattauna a kan wani abu da ake yawan ɓoye mana a asibiti, wato maganin gargajiya.

A 'yan shekarun nan ana jin sunan Ayurbeda a bakin masu tallan magani da masu dawowa daga jinya a Indiya. Wannan shi ne maganin gargajiyar mutanen Indiya, ya haura shekara 2,000 a rubuce, kuma a 2014 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikata guda domin kula da shi da ire-irensa. Tushensa shi ne cewa jikin ɗan Adam yana tafiya ne a kan sinadarai uku: bata mai alaƙa da iska da motsi, pitta mai alaƙa da zafi da narkewar abinci, da kafa mai alaƙa da sanyi da danshi. Idan ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo ya shigo, maganin kuma shi ne a daidaita su da abinci da hutu da tausa da itatuwa.

Duk wadda ta tashi a Faru ko Bakura ko Maradun za ta ce ai wannan ba baƙon zance ba ne. Mu ma haka kakanninmu suka ɗauki jiki. Sanyi shi ne babban abokin gabar mai jego, zaƙi shi ke toshe hanyar haihuwa, zafi kuma shi ke gasa jiki ya koma daidai. Har itatuwan ma mun yi tarayya a kansu, domin darbejiyar da ake tsoma ganyenta a ruwan wanka da zogalen da muke kwaɗawa asalinsu daga can Indiya suka zo.

Ra'ayina shi ne a cikin wannan gado akwai abin riƙewa, kuma kuskure ne ma'aikacin lafiya ya yi masa kuɗin goro. Kwana arba'in da ake ba mai jego ta huta, ba daka ba ɗiban ruwa, ana ciyar da ita da farfesu da kunu, uwa ko gwaggo na kusa da ita dare da rana, babu asibitin da zai iya ba ta wannan. Mutanen Indiya ma suna da irin wannan hutu na kusan mako shida. Kuma itatuwa ba wasa ba ne: daga saiwar wani tsiro da masu Ayurbeda suka daɗe suna amfani da shi aka tace ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko a 1952. To amma a lura, sai da aka tace shi aka auna ƙarfinsa kafin a ba mutane, kuma wannan awon shi ne abin da jiƙon kwarya ba shi da shi.

Bari mu ɗauki wankan jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suna zuwa da kumburin ƙafa da haki. Suka danganta shi da wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa kullum. Dalilin a fili yake. Kanwa tana ɗauke da sinadari irin na gishiri wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuma yana tilasta wa zuciya ƙara bugu, alhali ta riga ta yi wata tara tana aikin mutum biyu. Wani bincike da aka buga a 2007 daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya samu wannan ciwo a kusan haihuwa 1 cikin kowace 100, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya.

Adalci shi ne in faɗa muku cewa binciken baya-bayan nan bai ɗora wa wanka da kanwa laifin duka ba. An gano cewa rama da ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki suna da babban kaso. Sai dai wannan bai wanke kanwa ba. Matar da ta sha fama da hawan jini ko kumburi lokacin goyon ciki, ba ta kunun kanwa ƙara wa jaki kaya ne bayan ya durƙusa. Inna, a yi wankan, ba mu hana ba, amma da ruwa mai ɗumi wanda za ki iya barin hannunki a ciki. A dama kunun gyaɗa ko na tsamiya, a bar kanwar. Mun sha ganin masu jego da ƙuna a baya da cinya, suna ɓoyewa don kada a ce sun yi raki.

Abu na biyu ya fi shafar mu 'yan Zamfara fiye da kowa. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba, mun binne 'ya'yanmu saboda ita. To a cikin Ayurbeda akwai wani reshe da ke ƙona ƙarafa a mai da su toka a zuba a magani da gangan. A 2004 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun auna irin waɗannan magunguna 70 da ake sayarwa a shaguna, suka samu dalma ko zaiba ko wata guba a cikin 14. Dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan da ke ciki, tana jawo ɓari da haihuwar bakwaini, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar yaro har girmansa. Saboda haka kyawun kwali da rubutun Indiya a jikin kwalba ba shaidar lafiya ba ne. Kada mu manta kuma da namu na gida: kwallin dutse da ake rambaɗa wa jariri ranar suna, yawancinsa dutsen dalma ne.

Sai maganin zaƙi da jiƙe-jiƙen da ake ba mace idan wata ya kama. Wasunsu suna sa mahaifa ta yi ta murɗawa da ƙarfi kafin ƙofa ta buɗe, ɗa ya galabaita, wani lokaci mahaifar ta fashe. Naƙudar da ta daɗe ba zaƙi ne ya toshe ta ba, sau da yawa kan ɗa ne ya fi ƙugu girma ko kwanciyarsa ba daidai ba, kuma babu saiwar da ke gyara wannan. Yankan gishiri kuwa yoyon fitsari yake haifarwa.

Ga roƙona gare ki. Idan malamar awo ta tambaye ki ko kina shan wani abu, ki faɗi gaskiya, in da hali ki zo da kwalbar ko ƙullin. Ba don a yi miki faɗa ba ne, kuma mu ma'aikata ya kamata mu gyara bakinmu, domin tsawarmu ce ta koya wa mata ɓoyewa. Ki ci zogale a miya da kwaɗo yadda kike so, amma ki guji saiwarsa da ɓawonsa. Kada wani jiƙo ya maye gurbin ƙwayar ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar sandarewar wuya da ake yi a wajen awo.

Kai kuma maigida, nauyin mota da kuɗinta a wuyanka yake, ka tanada tun ciki na wata bakwai. Idan ka ga matarka tana haki ko da ba ta yi aiki ba, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matashi, ko tari ya hana ta barci, ko ƙafa da fuska sun kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jini ya ɓalle, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wa tukunya itace. Waɗannan alamu suna iya bayyana har wata biyar bayan haihuwa, bayan an gama arba'in an koma ɗaki. A kai ta babban asibitin Talata Mafara ko asibiti mafi kusa a ranar, tare da katin awonta, daga nan idan akwai buƙata a tura ta Gusau ko Sakkwato.