Ganye Ma Yana Da Dafi: Tsokaci Kan Maganin Rage Ƙiba

A da, Bahaushe yana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali. Yau kuwa al'amari ya juya, har ta kai a Birnin Kabi da Argungu ana cinikin shayi da ƙwayoyin rage teɓa, mata da matasa suna rububinsu. Hujjar masu talla guda ɗaya ce: wai na ganye ne, don haka ba ya cutarwa. Wannan hujja ba ta da tushe, domin zaƙami ma tsiro ne, amma kowa ya san yadda yake juyar da hankalin wanda ya sha shi.

Da yawa daga cikin waɗannan magunguna aikinsu irin na goro ne. Goro yana ɗauke da sinadarin kafin, mai kore barci, ya danne yunwa, ya kuma ƙara bugun zuciya. Sai dai masunci ko manomin shinkafa a fadamar Rima ɓari guda yake tauna, sannan ya yi wunin aiki har gumi ya karyo masa. Ita kuwa ƙwaya tana tattara ƙarfin goro da yawa wuri ɗaya, a haɗiye a zauna.

Abin da ya faru a Amurka ya isa darasi. Can an yi shekaru ana sayar da wani tsiro na ƙasar Sin mai suna ifidira don rage ƙiba, wani lokaci a gauraye da goro. Ya jawo hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa, cikin mamatan har da ɗan wasa Steve Bechler a shekarar 2003. A shekarar 2004 hukuma ta haramta shi.

Ba a musun cewa ƙiba mai yawa tana kawo ciwon suga da hawan jini. To, amma mai irin wannan jiki shi ne ya fi kowa shiga haɗari idan aka zaburar da zuciyarsa. Wajibi ne mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC, ya kuma je asibiti a auna jininsa kafin ya sha. Rage maiƙo da zaƙi da yawaita tafiyar ƙasa suna da jinkiri, amma sun fi aminci. Kada garin neman gira a rasa ido.