Lambar da ta hana tumunin takaba

Ina aji uku a Alhudahuda malamin lissafi ya ba mu labarin nan da Ibn Khallikan ya rubuta a ƙarni na 13: a sa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon dara mai gida 64, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa. Jimillar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Na kwafe a bangon littafi, na nufi gida Unguwar Juma ina ji da kaina.

Kakana na zaune a zaure kan buzu. Mutanen unguwa shi suke kawo wa rabon gado. Na karanto masa lambar, numfashina har yana sarƙewa, ina jiran ya riƙe baki. Ko gezau.

"To mai gida," in ji shi, "in wannan ce dukiyar mamaci, matarsa za ta sami tumuninta cif?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ya karɓi littafin, ya ɗora yatsa kan biyar ɗin ƙarshe. Mara ce, ya ce, ko biyu ba ta rabuwa balle takwas; sudusi ma babu. Ya tattara alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, suka ba shi 87, ya ce sulusi zai fita ba saura, humusi kuwa tuni. Duk kafin shayinsa ya huce.

Sai da na girma na gane tambayar tsohon ita ce ta masana. Girman lamba bai cika damunsu ba, abin da ke raba ta suke bi. Lambar alkamar nan tana da masu raba ta bakwai waɗanda su ba sa rabuwa: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Euler ne ya tono 641 a 1732 daga wata lambar da Fermat ya zaci ba ta rabuwa.

Ni dai a ranar haushi na ji, don yabo na zo nema. Ya miƙo mini littafin, ya ce in tafi in gwada bakwai. Na cika shafi biyu kafin magariba, saura ɗaya ta rage.