Kafin ka kwance wa kaka tsummar tsoffin kuɗinta

Tun da aka shigo zangon ƙarshe, kuɗin aikin bincike da na buga takardu suka taso mu a gaba, wata magana ta karaɗe ɗakunan kwananmu: wai tsoffin sulalla sun yi daraja a intanet, wai kwabo mai huji ɗaya sai ya saya maka babur. Na ji abokai 'yan Bodinga da Shagari suna ƙulla yadda za su je gida ƙarshen mako su binciko akwatin tsohuwa. Ni dai ra'ayina shi ne mu tsaya mu yi lissafi tukuna, don yawancin masu wannan tafiya za su rabu da abin tarihi ne a kan kuɗin da bai kai na mota ba.

Mu fara da kayan. Abin da ake samu a gidajenmu yawanci kuɗin zamanin Turawa ne: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi da sule. An fara buga masu hujin nan tun 1907, aka ci gaba da buga su miliyoyi a Ingila domin Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingilishi. Daga 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa, sannan naira da kwabo suka zo a watan Janairun 1973. Abin da aka buga da yawa haka ba ya tsada don kawai ya tsufa. Ko kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarauta a shekarar da ya hau, 'yan daloli kaɗan ake sayar da shi. Haka liyari, azurfar nan da iyayenmu mata ke ado da ita. Za ka ga 1780 a jikinta ka ɗauka ka tsinci dami a kala, alhali an yi ta sake buga ta da wannan shekara ɗaya har cikin ƙarni na 20. Darajarta tana bin nauyin azurfar da ke jikinta ne. Akwai sulalla masu tsada, gaskiya ne, amma na shekarun da aka buga kaɗan ne, kuma sai waɗanda ba su goge ba. Wanda kuma ya sa toka ko lemun tsami ya wanke nasa don ya yi ƙyalli, to ya rage masa kuɗi da hannunsa.

Sai dokokin gwanjon. Duk wanda ya taɓa raka babansa sayar da rago a kasuwar Bodinga ya san tsarin: a taya, a yi albarka, a sallama, sannan dillali ya karɓi la'adarsa. Gwanjon intanet na gaskiya haka yake, sai dai la'adar ta fi nauyi. A eBay, abin da ake cirewa yana kai wajen kashi 13 cikin 100, kuma har da kuɗin aikawa ake lissafawa. Manyan gidajen gwanjon sulalla suna ɗora wa mai saye kashi 20 cikin 100 ko fiye, shi kuwa ba wawa ba ne, sai ya rage tayinsa. Kamfanonin da ke tantance sahihancin sulalla irin su NGC da PCGS suna karɓar nasu a kan kowane ƙwaya ɗaya. In mai saye ya ce kayan ba su yi daidai da yadda ka kwatanta ba, yana iya mayar maka ya karɓi kuɗinsa. To ka ce an sallama kwabonka a dala 10. Cire la'ada, cire kuɗin aika shi daga Sakkwato zuwa Amurka, cire abin da banki zai ci wajen canji. Malam, me ya rage?

Wani zai ce ai shi a Facebook ya ga mai saye da ya yi tayin miliyan biyu. Nan ne haɗarin yake. Ka lura da abin da zai biyo baya: kuɗin rajista, kuɗin takardar shaida, kuɗin kwastan, duk kai za ka tura kafin ka ga ko sisi. Dillalin kirki daga cikin ciniki yake cin la'ada. Wanda ya ce ka fara biyansa kafin ya saya, ɗan damfara ne, ko da wane irin tambari ya manna a hotonsa.

Akwai kuma doka. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta cinikin takardun naira da sulallanta, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 kuma ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Saboda haka in ka haɗa da tsohon takobi ko littafin hannu da ka gani a ɗakin kaka, tambaya ta kama ka kafin ka nufi gidan waya.

Ba na cewa sayarwa laifi ce. Mai abu da abinsa, kuma talauci ba wasa ba ne. Amma a nemi yardar mai shi, a duba farashin da aka riga aka sayar da irinsa, a bar kallon wanda wani ya rubuta yana mafarki. Sannan mu tuna inda muka fito. Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato, tana cikin ƙaramar hukumar Bodinga. Mutanen irin wannan wuri bai kamata su yi arha da tarihinsu ba. Sulen da ke tsummar kaka wataƙila daga sadakinta ya rage, ko daga kuɗin audugar da kakanka ya kai kasuwa. Ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta ware rana ɗaya a makon al'adu, kowa ya aro na gidansu, a ɗauki hoto, a rubuta shekararsa da labarin da tsohuwa ta bayar, a gayyato masana daga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu su duba mana. Wanda aka samu nasa mai daraja ne, sai ya shiga kasuwa da idonsa a buɗe. Sauranmu kuwa mu mayar wa kaka kayanta.