Zuwa ga masu buga takardu a kwamfuta na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



Maganata a kan Ctrl+H ce, tagar nan ta Microsoft Word da ke nemo kalma duk inda take a takarda ta musanya ta da wata, ko ta kaurara ta, ko ta ja mata layi. Mai buga kundin ɗalibi ko jerin sunayen ƙungiyar manoma ba shi da mataimaki kamarta. Sai dai a rubutun Hausa kalma ake ba ta, ba harafi ba, kuma ba kowace kalma ba.

Sunayen garuruwanku ma sun isa hujja. Mai takarda ya kawo rubutun da aka yi a waya babu ƙugiya ko ɗaya, mai bugawa ya ga Kankara ya san Ƙanƙara ake nufi, sai ya umarci na'ura ta mayar da kowane k ya zama ƙ. Ƙanƙara ta gyaru, amma Faskari ta koma Fasƙari, kasuwa ta koma ƙasuwa. In ya yi wa b haka, Sabuwa ta zama Saɓuwa a kan takardar da za a kai ofis. Na'urar ba ta jin Hausa, siffa kawai take gani. Ko an ba ta cikakkiyar kalma da sauran rina a kaba, domin fada da faɗa, kasa da ƙasa, baki da baƙi duk kalmomi ne masu zaman kansu, kuma wasiƙar da ta ce an taru a faɗar hakimi ba za a yi wa mai shago dariya kaɗai ba, aikin ma za a daina kawo masa. Saboda haka a raba aikin biyu. Kalmomin da ba su da tagwai, irin ƙungiya, ɗalibi, ɓangare, a danna maɓallin musanya duka a wuce. Masu tagwai kuwa a bi su ɗaya bayan ɗaya, ido na karanta jimlar kafin yatsa ya taɓa.

Haka abin yake wajen kaurara suna. Wanda ke son Sabuwa ta fito da kauri a duk takardar zai rubuta ta a layin sama, ya sa ^& a na ƙasa, wato a bar kalmar yadda take, sannan ya zaɓi kauri. In bai kunna zaɓin bambanta babban harafi da ƙarami ba, riga sabuwa ma za ta yi kauri. In bai kunna na cikakkiyar kalma ba, Sabuwar Unguwa za ta fito rabi da kauri rabi babu. Alamar hamza ta fi duka haɗari: wanda ya share ta gaba ɗaya don ya rabu da tsohon salon k' da d' ya tafi da ta sana'a da jama'a da 'Yar'aduwa. A musanya k' da ƙ, d' da ɗ, b' da ɓ, kowanne daban. Wanda allon bugawarsa ba shi da haruffan, ya rubuta 0199 ya danna Alt+X zai ga ƙ, 0257 ta ba shi ɗ, 0253 ta ba shi ɓ.

Na san abin da za ku ce: janareto na shan mai, mutane na zaune a benci, kuma da shafi ake biya ba da ƙugiya ba. Gaskiya ne. Amma kalmomi masu tagwai da ke yawan fitowa a wasiƙa ba su da yawa, kuma kuɗin takarda da tawada na sake buga kundi gaba ɗaya daga aljihun mai shago yake fita. Wasu kuma za su ce mai karatu zai gane ko babu ƙugiya. Zai gane a saƙon waya. Malamin da ke duba kundin Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da jan biro yake karatu.

Kafin kowace musanya a ajiye kwafin takardar da wani suna. Bayan an danna musanya duka, Word na faɗin adadin wuraren da ta canza, kuma wannan lambar a karanta ta. In wasiƙa mai shafi biyu ta nuna ɗari uku, a danna Ctrl+Z nan take, a koma a duba abin da aka rubuta a layin sama.